Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe Ko Ta Mallakar Kamfani: Lissafin Da Ke Gaban Masu Harkoki A Jalingo

JALINGO — A ranar 14 ga watan Oktoban shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa manhajarsa ta Windows 10, kuma a wannan rana ce ya janye hannunsa daga Office 2016 da Office 2019. Babu wata kwamfuta da ta daina aiki saboda haka. Abin da ya sauya shi ne, duk wata ɓaraka da aka gano a cikin waɗannan manhajoji daga wannan rana, kamfanin ba ya ɗaukar nauyin toshe ta kamar yadda ya saba. Ga Windows 10 kaɗai ya buɗe shirin ƙarin wa'adi, inda kamfanoni da ma'aikatu za su biya dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin ya ninka a shekara ta biyu, ya sake ninkawa a ta uku. Wanda kuwa ya ce zai koma Windows 11, sai ya tarar tana buƙatar wani ɗan ƙaramin sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma inji na baya-bayan nan, abin da da yawa daga cikin kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su ƙasar nan ba su da shi.

Wannan al'amari ya shafi mai makarantar kuɗi a Jalingo, da mai asibiti, da babban dillalin taki da maganin feshi, da ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, da ƙaramin bankin ba da rance. Dukkansu suna ajiye lissafinsu da sunayen abokan hulɗarsu a kwamfuta, kuma dukkansu za su fuskanci tambaya ɗaya, ko yanzu ko nan gaba kaɗan: a ci gaba da biyan lasisin manhajar wani kamfani, ko kuwa a koma ga manhajojin da ake samu ba tare da kuɗin lasisi ba? Ra'ayin wannan nazari shi ne, farashin saye shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa. Abubuwa uku ne suka fi shi nauyi: da wane irin kuɗi za a riƙa biya, wa zai gyara idan ta lalace, kuma nawa za a kashe ranar da aka yanke shawarar rabuwa da ita.

Ma'anar kalmomin biyu

Kowace manhaja tana da rubutunta na asali, wato jerin umarnin da masu tsara ta suka rubuta kafin a mayar da shi harshen da na'ura ke ganewa. Manhajar mallakar kamfani, irin su Windows da Sage 50 (wadda akantocinmu suka fi sani da tsohon sunanta Peachtree) da QuickBooks, mai ita yana ɓoye wannan rubutu. Abin da yake sayarwa shi ne izinin amfani, bisa sharuɗɗan da ya ga dama. Ita kuwa manhaja mai buɗaɗɗen tushe, rubutun nata a fili yake, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya karanta shi, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wasu. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutika a Amurka a shekarar 1983, ya kuma fitar da lasisin GPL a 1989. A ranar 25 ga watan Agustan 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar da aikin da daga baya ya zama Linux. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga wata, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola. Ashe tsaran juna ne, kuma duk mai riƙe da wayar Android a kasuwar Jalingo yana amfani da Linux ko bai sani ba, domin a kanta aka gina tsarin wayar.

Akwai kuma kashi na uku da ba a cika faɗar sunansa a taron hukumar gudanarwa ba, wato kwafin sata. Duk wanda ya san wuraren buga takardu da ƙananan ofisoshin garuruwanmu ya san cewa yaron da ya saka manhaja a kwamfuta a kan 'yan dubban naira bai sayo lasisi daga kowa ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, don haka laifi ne. Amma haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwa shi ne na aljihunsa. Kwafin da aka fasa makullinsa sau da yawa yakan zo da wata ɓoyayyar manhaja mai satar lambobin sirri, kuma a kan wannan kwamfuta ce akanta ke shiga asusun banki na kamfani. Wajibi ne a ambaci wannan kashi, domin yawancin masu cewa manhajar kamfani ba ta da tsada, da farashin kwafin sata suke auna ta.

Kuɗin da ake biya da dala

A da, kamfani kan sayi manhaja sau ɗaya a faifai, ya yi shekara da shekaru yana amfani da ita. Wannan zamani yana shuɗewa. Kamfanin Adobe ya daina sayar da manyan manhajojinsa ta wannan hanya tun 2013, ya koma karɓar kuɗin wata-wata. Bayan da Broadcom ya sayi VMware a watan Nuwamban 2023, shi ma ya soke lasisin dindindin. Microsoft na sayar da Office na saye ɗaya har yanzu, sai dai ƙarfinsa ya karkata ga Microsoft 365, wanda haya ce. A ilmin tattalin arziki, wannan na nufin abin da a da yake jari ne da ake rage darajarsa a hankali a littafi, yanzu ya zama kuɗin gudanarwa da ba ya yankewa, kamar kuɗin hayar shago. Bambancinsa da hayar shago shi ne, mai shagon Jalingo naira yake karɓa, wannan kuwa ko da an rubuta takardar biya da naira, da dala aka yanka farashin.

Mu ɗauki misali na ƙaddarawa domin a ga girman abin. A ce kamfani yana da ma'aikata 20, kuma yana biyan dala 10 a kan kowannensu a wata. Shekara ta kama dala 2,400. A farkon watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, wannan ya kama naira 1,104,000. A tsakiyar wannan wata Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma ya zuwa watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. A wannan farashi, dala 2,400 ɗin nan ta zama naira 3,600,000, kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato ƙarin naira 270,000. Kamfanin bai ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, mai manhajar bai ƙara farashi ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau uku cikin wata takwas. Haka nan, idan wannan kamfani ya ce zai riƙe Windows 10 a kwamfutocinsa 20 na tsawon shekaru ukun da aka ƙara, zai biya dala 61 da 122 da 244 a kan kowace, jimilla dala 8,540, wato naira 12,810,000 a lissafin 1,500. Da wannan kuɗi an sayi sababbin kwamfutoci masu yawa.

Ko hanyar biyan ma ta taɓa toshewa. A shekarar 2022 bankuna da dama sun rage abin da ake iya kashewa da katin naira a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata, wasu kuma suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a tsakiyar 2025 manyan bankuna suka fara dawo da shi. A wancan tsakani, ƙaramin kamfanin da lissafinsa yake cikin manhajar haya ya sha fama kafin ya sami hanyar sabunta ta. Manyan kamfanoni kuwa sai sun yi rajistar yarjejeniyar lasisi da hukumar NOTAP kafin su nemi kuɗin musaya ta hanyar hukuma. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

A nan ne manhaja mai buɗaɗɗen tushe take da rinjaye na gaske. LibreOffice tana yin aikin rubutu da jadawalin lissafi ba tare da sisin kwabo na lasisi ba. Wasu nau'o'in Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, suna tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi karɓa. ERPNext ta kamfanin Frappe na ƙasar Indiya tana riƙe lissafin kuɗi da kayan sito da albashi, sashen kyauta na Odoo ta ƙasar Beljiyam kuma yana yin wani ɓangare na waɗannan ayyuka. Abin da za a kashe a kansu albashin ma'aikaci ne da kuɗin horarwa, kuma duk da naira ake biyan su, suna kuma zama a cikin gari.

Wa zai gyara?

Sai dai wannan ma'aikaci shi ne gaba ɗaya matsalar. Matafiya zuwa tsaunin Mambilla sun san tsofaffin motocin Land Rover da suka daɗe suna jigilar kaya a wajejen Gembu. Abin da ya raya su shi ne kanikawan wurin sun san cikinsu ciki da bai. Motar da ta fi su kyau, idan babu mai taɓa ta sai a Abuja, ba ta da amfani a kan wannan dutse. Buɗaɗɗen rubutun manhaja tamkar injin da ba a kulle murfinsa ba ne: kowa yana da izinin gyarawa, amma izini ba ya juya sifana. Mai kamfani a Jalingo ya tambayi kansa, mutum nawa ne a garin nan za su iya tayar da ERPNext idan ta tsaya ranar biyan albashi? Idan amsar mutum ɗaya ne, to kamfanin ya tsere wa ƙangin Microsoft ya faɗa na wani saurayi, wanda gobe zai iya samun aiki a Legas ko a ƙasar waje ya tafi da lambobin sirrin a kansa.

Jihar Taraba tana da misali mai kyau na yadda buɗaɗɗiyar manhaja ke aiki idan an yi mata tanadi, kuma a sashen lafiya yake. Alƙaluman da asibitoci da ɗakunan shan magani ke tattarawa kowane wata, na haihuwa da allurar rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, daga ƙananan hukumomi 16 na jihar, ana shigar da su ne cikin manhajar DHIS2, wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauka a matsayin rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar tsara ta, kuma fiye da ƙasashe 70 na amfani da ita. Haka nan manhajar SORMAS ta bin sawun annoba, wadda aka fara ƙirƙira bayan ɓullar cutar Ebola a 2014 da haɗin gwiwar cibiyar bincike ta Helmholtz ta ƙasar Jamus da masana na Nijeriya, aka buɗe tushenta a 2016, hukumar NCDC ta kuma faɗaɗa ta zuwa dukkan jihohi a lokacin annobar korona. Ga jiha irin Taraba, wadda ke cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Babu wanda ya biya kuɗin lasisi a kan waɗannan manhajoji biyu. Amma an kashe kuɗi masu yawa wajen horar da jami'an tattara alƙaluma na kowace ƙaramar hukuma, da sayen kwamfutoci da wayoyi, da kuɗin data, da albashin ƙwararrun da ke kula da babbar na'urar ajiya, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi daga masu ba da agaji na ƙetare ya fito. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan shi ne, abin ya tsayu ne saboda akwai hukuma a bayansa, akwai kasafi, akwai kuma mutane da yawa da suka iya shi, ta yadda idan ɗaya ya tafi wani zai maye gurbinsa. Mai asibitin kuɗi da ya ji labarin OpenMRS, manhajar kyauta ta ajiye bayanan majinyata, ya sa ɗan'uwansa ya saka masa ita a ƙarshen mako, bai kwaikwayi Ma'aikatar Lafiya ba. Rabin aikin kawai ya ɗauko, kuma rabin mai sauƙi.

Ko a ƙasashen da suke da ƙwararru birjik, abin bai zo da sauƙi ba. Majalisar birnin Munich ta Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, kuma sai da aka kai 2013 kafin a kammala sauya kwamfutoci kusan 15,000. A 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafe-ƙorafen ma'aikata da sauyin shugabanci. A 2024 kuwa jihar Schleswig-Holstein, a wannan ƙasa dai, ta ba da sanarwar mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, tana mai kafa hujja da cewa bai dace bayanan gwamnati su dogara ga kamfanin wata ƙasa ba. Shekara goma Munich ta yi tana sauyi. Wanda ya yi wa mai kamfani alkawarin gama masa cikin mako biyu, a bincike shi.

Adalci ne kuma a faɗi abin da manhajar kamfani ta fi ƙarfi a kai. Matasan da ke fitowa daga Jami'ar Jihar Taraba da Jami'ar Tarayya ta Wukari da makarantun koyon kwamfuta na cikin gari, akasarinsu da Word da Excel suka saba. Akantan da za a ɗauka aiki ya fi yiwuwa ya san Sage ko QuickBooks, haka ma mai binciken lissafi da zai zo daga Yola ko Jos a ƙarshen shekara. Wannan sabo dukiya ce da kamfani ke samu ba tare da ya biya kuɗin horarwa ba. Bugu da ƙari, akwai wanda za a kira a yi wa ƙorafi. Sai dai kada a zurfafa a wannan fata, domin duk wanda ya daure ya karanta sharuɗɗan lasisin da ake danna amincewa da su, zai ga kamfanonin sun taƙaita diyyar da za a iya nema daga gare su matuƙa. Lasisin GPL ya fito fili ya ce babu garanti. Na kamfani ya faɗi kusan haka, da dogon Turanci.

Ƙofar fita

Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kuɗin rabuwa. Masu ajiya a bankuna sun ɗanɗana shi a shekarar 2024, lokacin da bankuna da dama suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a. Bankin Sterling ya bar T24 ta kamfanin Temenos ya koma SeaBaaS, wadda aka ƙera a Nijeriya, kuma rage kashe kuɗin musaya na cikin dalilan da aka bayar. A watan Oktoba bankin Zenith ya koma Flexcube ta Oracle, GTBank kuma ya koma Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya. An yi kwanaki, a wasu wuraren makonni, ana fama da tura kuɗi da cire su. Waɗannan kamfanoni ne masu ɗaruruwan injiniyoyi da biliyoyin naira, sun kuma daɗe suna shiri. Idan haka sauyi ya yi da su, ƙungiyar gama kai mai lissafin bashin mambobi na shekara goma ta san abin da ke jiranta.

Masu sayar da manhaja sun san da wannan, shi ya sa farashin shiga kan yi sauƙi, na sabuntawa ya riƙa hawa. Abin da ke ɗaure abokin ciniki shi ne bayanansa, waɗanda aka ajiye cikin wani tsari da manhajar kamfanin kaɗai ke iya buɗewa. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa a yi wa dillali, tun kafin a yi maganar farashi, ita ce: idan muka daina biya, za mu iya kwashe dukkan bayananmu, a wane tsari, kuma cikin kwana nawa? A nemi ya nuna a aikace, ya fitar da lissafin wata guda cikin fayil na CSV ko makamancinsa, a buɗe shi a wata kwamfuta daban a gani. Wannan gwaji ya fi zama dole ga manhajojin makarantu da na kantin magani da ƙananan kamfanonin cikin gida ke sayarwa, domin su ma rufaffu ne, kuma ƙaramin kamfani ya fi Microsoft saurin rufe ƙofa ya ɓace.

Buɗaɗɗiyar manhaja ma tana da iyayen gida masu sauya ra'ayi. A watan Disamban 2020 kamfanin Red Hat ya ba da sanarwar yanke wa'adin CentOS Linux 8 zuwa ƙarshen 2021, alhali masu amfani da ita sun sa rai za ta kai 2029. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya: da yake rubutun a fili yake, wasu suka ɗauke shi suka fitar da Rocky Linux da AlmaLinux, jama'a suka koma can. LibreOffice ma haka ta samo asali a 2010, bayan da Oracle ya sayi kamfanin Sun mai riƙe da OpenOffice. Wannan damar ta ɗaukar aiki a ci gaba da shi a wani hannu ita ce ainihin abin da buɗaɗɗen tushe ke bayarwa. Sai dai ga manhajoji masu jama'a da yawa kawai take aiki. Wadda mutum biyu suka rubuta suka watsar, buɗewarta ba ta tsinana wa kowa komai.

Dangane da tsaro, kowane ɓangare na da tabonsa, kuma ba a nan za a raba gardama ba. Cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ta hanyar Windows da ba a sabunta ba. A watan Disamban 2021 aka gano wata babbar ɓaraka a Log4j, buɗaɗɗiyar manhaja da dubban kamfanoni suka dogara da ita. A ranar 19 ga Yulin 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Abin da ke kare kamfani shi ne sabuntawa a kan kari da ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin a wuyan wanda ya tattara bayanan mutane, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da su. Dokar ba ta tambayar wace irin manhaja aka yi amfani da ita.

Wuta da layi

Akwai wani abu da littattafan Turai ba sa kawowa, wanda a Jalingo yake gaba da komai. A watan Afrilun 2024 aka lalata turakun babban layin wutar lantarki na Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas, har da Taraba, suka daɗe cikin duhu. Kafin nan, a ranar 14 ga watan Maris na wannan shekara, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke gaɓar Afirka ta Yamma sun katse, harkokin bankuna da na ofisoshi suka sami cikas. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet, ta kamfani ce ko buɗaɗɗiya, takan mayar da mai kanti ga biro da takarda duk ranar da layi ya ɗauke. Wadda aka girka a kwamfutar ofis kuwa tana buƙatar sola ko janareta, da wanda zai riƙa kwafe bayanai kullum. Kamfanin da ke da reshe a Gembu ko Karim Lamido ya fara tambayar ko manhajar tana karɓar aiki babu layi, ta aika daga baya idan ya dawo.

To, ina aka dosa? A ganin wannan nazari, kuskure ne kamfani ya ɗauki abin kamar shiga jam'iyya. Aiki-aiki ake bi. Kwamfutocin da ba sa yin komai sai rubuta wasiƙa da buɗe intanet, da ɗakin koyon kwamfuta na makaranta, babu dalilin da zai sa a ci gaba da biya musu dala ko a bar su a kan kwafin sata. Linux da LibreOffice sun ishe su, kuma za su ƙara wa tsofaffin injuna shekaru. A fara da kwamfuta biyu ko uku, a ga yadda takardun da ake musaya da ma'aikatun gwamnati da bankuna ke buɗewa, domin jadawalin Excel mai sarƙaƙiya wani lokaci yakan karkace a LibreOffice. Teburin akanta, wanda ke hulɗa da mai bincike da hukumar haraji, ya cancanci lasisi na halal ko da ɗaya ne ko biyu.

Lissafin kuɗi da albashi ne wurin da ya kamata a fi yin taka-tsantsan, domin dokokinsu na sauyawa. Sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a watan Janairun 2026 sun sauya matakan harajin albashi, inda naira 800,000 na farko a shekara ba sa biyan komai. Akwai kuma kason fansho na kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai aiki bisa dokar 2014. Dole wani ya shigar da irin waɗannan sauye-sauye cikin manhaja. A manhajar saye da aka tsara don Nijeriya, aikin dillali ne, kuma yana cikin abin da ake biya. A ERPNext ko Odoo, aikin wanda ya girka ta ne. Kamfani mai rassa da sito da ma'aikata masu yawa, wanda zai iya riƙe ƙwararre na dindindin ya kuma horar da na biyu, zai ci ribar buɗaɗɗiyar manhaja cikin 'yan shekaru. Mai ma'aikata biyar da akanta ɗaya, zai fi samun kwanciyar hankali da manhajar da akantan ya riga ya iya.

Ko wanne aka zaɓa, a yi lissafin shekara biyar a takarda, a raba shi gida biyu, abin da ke bin dala da abin da ke bin naira, sa'an nan a sake lissafa gidan dala a kan farashin da ya ninka na yau, a ga ko kamfanin zai iya ɗauka. Yarjejeniya da wanda zai girka manhajar kuma a rubuce za a yi ta. A ciki a fayyace cewa bayanan na kamfani ne, cewa babbar lambar sirri tana hannun mai kamfani ko daraktan da ya wakilta, cewa duk gyaran da aka yi wa manhajar za a miƙa rubutunsa da bayaninsa, da kuma sa'o'in da ma'aikacin zai ɗauka kafin ya amsa kira. A riƙe wani kaso na kuɗin aikinsa har sai ya maido da bayanan kamfanin daga kwafin ajiya a kan wata kwamfuta daban, a gaban shaidu.